Ƙudan Zuma a Bakin Rami da Kan Dutse

Ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, yana cikin jinsunan da suka fi zafin kare gida a duniya. Ba ya farautar mutum, kuma wanda ke kan fure yana tsotsar ruwansa da wuya ya harbi kowa, sai in an taka shi ko an matse shi. Amma a kusa da saƙarsa halinsa daban ne. Inda ƙudan zuman Turai zai turo 'yan tsiraru su kori baƙo, na Afirka ɗaruruwa yake turowa, wani lokaci dubbai, kuma sukan bi mutum har nisan da ya kai mita 400 kafin su haƙura. Dafinsa bai fi na ɗan'uwansa na Turai ƙarfi ba. Yawan masu harbin ne ke kisa.

Gidansa kuwa duk inda ya sami duhu da ƙofa ƙarama: kogon kuka ko na ɗorawa, tsohon suri, silin ɗin makaranta, bakin tsohuwar rijiya, da tsagar dutse. Mai karatun Alƙur'ani ya san cewa a Suratun Nahli, sura ta 16 mai ɗauke da sunan wannan halitta, duwatsu aka fara ambata cikin wuraren da take yin gida, kafin itatuwa. Wanda ya san ƙasar Abuja ba zai yi mamaki ba. Jiwa, ɗaya daga cikin tsofaffin masarautun Babban Birnin Tarayya, tana ƙaramar hukumar AMAC, maƙwabciyar Gwagwa da Karmo da Dei-Dei, kuma ƙasar da take ciki ƙasa ce ta duwatsu masu kan tulu da suka watsu daga Katampe da Mpape da Ushafa har zuwa Dutsen Zuma a hanyar Suleja. Irin waɗannan duwatsu cike suke da tsagogi da ruwan sama ba ya shiga, wutar daji ba ta kaiwa, hannun mai cire zuma ma ba ya isa. Gida ɗaya yakan ɗauki ƙudaje dubun-dubata, wani ya haura 30,000.

A da, masu zuwa irin waɗannan wurare mafarauta ne da makiyaya da masu cire zuma, mutanen da suka tashi suna jin muryar daji. Yanzu dutse ya yi sababbin baƙi. Akwai masu fasa dutse da masu lodin yashi da birni ya turo bakin gari, akwai masu haƙar zinari, sannan akwai ma'aikatan ofis da ke hawan dutse ranar Asabar don motsa jiki. Yawancinsu ba su gaji sanin da na farkon suke da shi ba, kuma nan ne matsalar take.

Abu na farko a wannan sani shi ne bambanta ƙudan da ya yi ƙaura da wanda ke zaune a gidansa. Idan gida ya cika, tsohuwar sarauniya takan fita da wajen rabin jama'arta, su sauka a reshen mangwaro ko jikin katanga, su dunƙule kamar buhun da aka rataye. Ganin wannan dunƙule yakan tayar wa mutane hankali, har yara su fara jifa. Alhali wannan shi ne mafi sauƙin hali, domin cikinsu cike yake da zuma, ba su da 'ya'ya ko saƙar da za su kare, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu za su tashi. Mai haɗarin shi ne gidan da ba a gani, wanda alamarsa kawai ƙudaje ne suna shiga suna fita ta wata tsaga. Lokacinsa mafi zafi a yankin Abuja shi ne daga tsakiyar rani zuwa bazara, bayan kaɗanya da mangwaro da ɗorawa sun yi fure, saƙa ta cika da zuma, ga zafin Maris da Afrilu. Wannan kuma shi ne lokacin da ruwa ya janye daga ramukan haƙa, kuma dutse ya bushe ya yi daɗin hawa.

Harin yana da tsari. A bakin kowane gida akwai masu gadi. Sau da yawa sukan fara da gargaɗi: ƙuda ɗaya ko biyu su riƙa dukan goshin mutum ko su yi ta zagaya kansa da ƙara mai kaifi, ba tare da harbi ba. Mai cire zuma yana jin haka zai juya. Baƙo kuwa hannu zai kai ya kaɗe, ko ya murƙushe shi a wuya. Ƙarin ƙudan zuma yana da ƙananan ƙayoyi kamar ƙugiyar kamun kifi, saboda haka idan ya shiga fata ba ya fita. Ƙudan yakan fizge ya bar ƙarin tare da jakar dafin, ya je ya mutu, jakar kuma ta ci gaba da motsi ita kaɗai tana tura dafi kusan minti guda. A daidai lokacin wurin yakan saki wani sinadari mai ƙanshin nunanniyar ayaba. Wannan ƙanshi shi ne gangar yaƙi. Duk wanda aka harba sau ɗaya an yi masa tambari, sauran kuma wurin tambarin za su nufa. Numfashin mutum yana jawo su zuwa hanci da baki, baƙin launi yana jawo su zuwa gashi da ido, domin maƙiyansu na asali, irin su dage, dabbobi ne masu duhun jiki da gashi.

Matafiya sun daɗe da sanin haka. A watan Mayun 1805, a tafiyarsa ta biyu zuwa kogin Kwara, ayarin Mungo Park ya sauka a bakin wani rafi kafin ya shiga ƙasar zinari ta Bambuk. Wasu daga cikin mutanen jagoransa Isaaco suka tafi neman zuma, suka taɓo gida. Cikin ɗan lokaci ayari ya watse, mutane da dabbobi kowa ya yi ta kansa, wutar girki ta bazu har ta kusa cinye kaya, jakuna da dama suka mutu ko suka ɓace. Park bai koma gida daga wannan tafiya ba, a Busa ya halaka, cikin jihar Neja ta yau. A watan Nuwamban 1914 kuma, a yaƙin Tanga da ke gabar Tanzaniya ta yau, harbe-harbe sun tayar da amyoyin da ke rataye a itatuwa, ƙudaje suka auka wa sojojin Ingila da na Jamus ba tare da tambayar tutar kowa ba, har yau ana kiran karon da yaƙin ƙudan zuma.

Sunan da ƙudan Afirka ya yi a duniya kuwa daga Brazil ya samo shi. A 1956 masanin halittu Warwick Kerr ya kai sarauniyoyin wani jinsi na kudanci da gabashin Afirka, ɗan'uwan namu na kusa, da nufin samun irin da zai jure zafi ya ba da zuma mai yawa. A 1957 sarauniyoyi 26 suka kuɓuce da jama'arsu a kusa da Rio Claro, jihar Sao Paulo. Zuriyarsu ta yi ta mamaye ƙasa bayan ƙasa, ta shiga Texas a 1990, ta kai Arizona a 1993. A hamadar Arizona, inda ake da tsofaffin ramukan zinari da masu yawo da na'ura suna neman ɓurɓushinsa, yau gargaɗi kan ƙudan zuma yana cikin abin da ake fara gaya wa mai shiga daji. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 1,109 da harbin ƙudan zuma da rina da danginsu ya kashe tsakanin 2000 da 2017, kimanin 62 a shekara, kusan kashi 80 cikin ɗari maza. Abin da Amurkawa ke kira ƙuda mai kisa, har suka yi masa fina-finai, ɗan'uwa ne na kusa ga wanda ke cikin kukar bayan gari a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni.

Mai haƙar zinari yana da jerin abubuwan tsoro, kuma ƙudan zuma ba ya cikin na sama. Rami yana ruftawa, kamar yadda ya faru a Garin Liman ta yankin Ɗan Isa a jihar Maraɗi a Nuwamban 2021, inda mutum 18 suka rasu. Akwai gubar dalma da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta daga 2010, ta sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja a 2015. Akwai 'yan bindiga a dazukan Birnin Gwari da Shiroro da Anka. Wanda ke fama da waɗannan, in aka ce masa ya kula da ƙuda, dariya zai yi. Sai dai yanayin aikin nasa kamar an tsara shi ne don tsokanar ƙudan. Ba abin da ke fusata gida irin girgiza, aikin haƙa kuwa girgiza ce tun safe har dare: guduma a kan dutse, janareta, injin niƙa, nakiya. Girgizar takan bi jikin dutse ta isa saƙar da ke nesa da inda ake aiki, sai mutane su ga hari ba su san daga ina ya fito ba. Mai yawo da na'urar gano zinari kuma kansa a sunkuye yake, kunnuwansa a toshe da abin sauraro yana jiran ƙarar ƙarfe, saboda haka gargaɗin masu gadi yakan wuce shi.

Mafi muni shi ne rami. Ramin haƙa na gargajiya faɗinsa bai wuce na rijiya ba, zurfinsa kan kai gaba goma ko fiye, hanyar fita ɗaya ce: igiya, da 'yan matakan da aka sassaƙa a jikin bango. Ramin da aka bari shekara ɗaya ko biyu, ciyawa ta rufe bakinsa, wuri ne da ƙudan zuma ke so. Idan farashi ya tashi aka dawo a sake gwada shi, mai sauka yakan wuce saƙar da ke ƙarƙashin leɓen ramin bai gan ta ba, igiya tana gogar ta. Kafin ya ankara ƙudajen suna tsakaninsa da sama. Masu riƙe igiya a waje su ne za a fara harba, kuma ba kowa ke iya tsayawa riƙe da igiya ƙudaje na shiga masa hanci ba.

A hamada lissafin ya ɗan bambanta. Tun da aka gano zinari a Djado a watan Afrilun 2014, sannan a Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, dubban mutane daga Agadas da Damagaram da Chadi da Sudan da arewacin Najeriya suka kwarara can. A tsakiyar rairayi, inda babu fure, ƙudan zuma ba shi da abin zama. Inda ake haɗuwa da shi shi ne inda ruwa yake: koramun Abzin, lambunan Timia da Tabelot, dausayin dabino, da mahaƙun yankin Sahel irin su Komabangou. Ƙudan zuma yana riƙe ɗumin ɗakin 'ya'yansa a wajen digiri 35, kuma idan zafi ya wuce haka ruwa yake ɗebowa ya shimfiɗa a saƙa, ya yi ta fifita da fukafukai. Saboda haka a bazara duro da jarka da kududdufin wanke ƙasa na masu haƙa su ne rijiyarsa. Masu ɗibar ruwa ba su cika faɗa ba, amma suna da amfani biyu ga mai lura. Yawansu alama ce cewa akwai gida kusa, kuma layin da suke bi idan sun tashi yana nuna inda yake. Haɗarinsu ɗaya ne: sukan shige bakin gora ko gwangwanin lemo. Harbi ɗaya a harshe ko maƙogwaro yana iya toshe numfashi, a wurin da asibiti mafi kusa ke da tafiyar yini a mota.

Masu hawan dutsen Abuja ba su da matsalar nisa irin wannan, tasu daban ce. Sukan taru su talatin ko hamsin, da yawa cikin baƙaƙen kayan motsa jiki, an fesa turare, wani ya rataya sifika yana sakin kiɗa, a jere kan 'yar siririyar hanya. Na gaba ne ke tayar da gida, na tsakiya da na baya su sha harbin. Kuma a kan dutse gudu ma haɗari ne. Mutumin da ya rufe ido yana kaɗe fuska da hannu biyu a kan gangara mai santsi, faɗuwa ta fi kusa da shi fiye da dafi. Jagoran da ya san aikinsa yakan bi hanyar kafin ranar tafiya, ya san inda ƙudaje ke shiga da fita, ya kuma san ta ina za a sauka in abu ya ɓaci. Wanda bai yi haka ba ɗan rakiya ne kawai.

A jikin mutum dafin yana kisa ta hanya biyu, kuma rikita su yana jawo asarar rai. Ta farko ba ruwanta da yawa. Akwai mutanen da jininsu ba ya jituwa da dafin sam, harbi ɗaya ya ishe su. Cikin mintuna jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe da harshe su kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya riƙa fito, jiri ya kwashe mutum ya faɗi. Maganin wannan allurar adirenalin ce a tsokar cinya, nan take. Ƙwayar ƙaiƙayi ba ta tsayar da shi, manja da toka da albasa balle. Kafin a sami allurar a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in kuma numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, kada a tsayar da shi a ce ya taka.

Hanya ta biyu ita ce ta yawan dafi, kuma ita ce ta masu haƙa da masu hawa. Kusan rabin dafin wani sinadari ne da ake kira melitin, mai fasa ƙwayoyin jini da na tsoka. Masana sun ƙiyasta cewa harbi kimanin 19 a kowane kilo na nauyin jiki yana iya kashe mutum, wato sama da dubu ga mai kilo 60. Amma wannan lissafin takarda ne. Yara da tsofaffi da masu ciwon zuciya sun mutu da abin da bai kai rabin haka ba, wani kuma ya haye abin da ya ninka shi: a ranar 28 ga Janairun 1962, a mahaƙar kuza ta Kamativi da ke Zimbabwe ta yau, an cire ƙari 2,443 daga jikin wani mutum mai suna Johannes Relleke, kuma ya rayu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne jinkiri. Wanda ya sha harbi ɗari biyu yana iya tashi ya yi wanka ya ci tuwo, 'yan'uwa su ce an auna arziki. Washegari ko jibi fitsarinsa ya koma launin shayi ko zoɓo, sannan ya ragu, sannan ya tsaya. Narkakkiyar tsoka da fasasshen jini sun toshe ƙoda. A wannan matakin sai ƙarin ruwa da gwajin jini, wani lokaci sai wankin ƙoda, wanda a Abuja manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ke yi. Ba a sayar da allurar karya dafin ƙudan zuma irin ta maciji; a Brazil ne ake gwajin wata. Magungunan ciwon jiki da leburori suka saba haɗiya, irin su diclofenac da ibuprofen, ƙara wa ƙoda nauyi suke yi a wannan hali. Parasitamol ya fi aminci.

Abin yi idan hari ya fara kaɗan ne, wuyarsa tunawa da shi cikin ruɗu. Gudu ne, a miƙe, ba tsayawa, an ja riga ko rawani an rufe kai da fuska an bar wa ido hanya. Harbi a baya da hannu ya fi harbi a ido da maƙogwaro sauƙi nesa ba kusa ba. Kaɗe-kaɗe da hannu ƙara kiran su yake yi, kwanciya a yi lamo kuma ba ta aiki a kusa da gida. A nufi abin da ke rufuwa, mota ko ɗaki ko bukka. Ko da goma sun bi mutum ciki, goma ba dubu ba ce, kuma za su koma jikin gilashi suna neman haske. Inda babu mafaka, kutsawa cikin gonar dawa ko duhuwar ganye yana rage masu bi. Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗawa ruwa. Ƙudajen sukan tsaya a sama suna shawagi, duk lokacin da kai ya ɓullo neman iska su sauka a kansa, ga haɗarin nutsewa. Da dare kuwa haske suke bi, don haka mai tocila a goshi ya kashe ta ko ya ajiye ta nesa. Bayan an tsira sai a cire ƙarin da gaggawa, da farce ko bakin wuƙa ko katin banki ko ma yatsu biyu. An daɗe ana cewa kada a tsinke shi da yatsa don kada a matse dafin, amma gwaji ya nuna saurin cirewa ya fi yadda aka cire muhimmanci. Mai zuwa ceto kuma ya rufe jikinsa tukuna, ya zo da hayaƙi, in ba haka ba majinyata sun zama biyu.

Hausawa na cewa ba a shan zuma sai an sha harbi, amma masu sana'ar ba su ɗauki maganar a matsayin izinin ganganci ba. Mai amya yakan saƙa ta da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗaure ta can saman ɗorawa nesa da hanya. Ranar cira ba ya zuwa da rana tsaka. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, ya hau da damin ciyawa mai hayaƙi, ba turare a jikinsa, ba hayaniya. Hayaƙin yana rufe ƙanshin nan na ayaba, ya kuma sa ƙudajen su duƙufa shan zuma. Irin wannan mutum yana nan a ƙauyukan da ke kewaye da Jiwa da Kuje da Bwari, kuma da kallo ɗaya zai gaya wa mai buɗe sabon wurin fasa dutse ko tsohon rami inda gida yake, ya kuma kwashe shi da dare a kan kuɗi kaɗan. Abin da aka fi yi maimakon haka shi ne a watsa fetur a cinna wuta, a ƙone ƙudajen da ke yi wa kaɗanya da mangwaro da kabewa barbara, wani lokaci a haɗa da dajin.

Shugabannin mahaƙa da masu shirya hawan dutse su nemi masu amyar yankinsu kafin a kafa janareta ko a sa ranar tafiya, ɗakunan shan magani na bakin daji kuma su ajiye adirenalin da wanda ya iya yin ta. Duk wanda harbinsa ya haura hamsin, ko yaro ne ko tsoho ko da bai kai haka ba, a kai shi asibiti a ranar, ko yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kuma riƙa duba launin fitsarinsa har kwana biyu.